Kuɗin inshorar lafiya ya kusan ninkawa a albashina: in fita ko in daure?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wani kamfani mai zaman kansa a Kano. Shekara da shekaru ana cire mini kuɗin inshorar lafiya daga albashi, ban taɓa damuwa ba domin abin bai taka kara ya karya ba. Bana da aka zo sabunta yarjejeniya da kamfanin HMO ɗinmu, wato kamfanin da ke gudanar mana da inshorar yana biyan asibitoci, sai aka ce kuɗi ya tashi, wurin aikinmu kuma suka ce ba za su iya ɗaukar ƙarin su kaɗai ba, sai dai a raba. Abin da ake cire mini yanzu ya kusan ninka na da. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya shida, huɗu ne kawai a cikin tsarin. Ga mahaifiyata tana hannuna tana fama da hawan jini, ita ma ba ta ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sau da yawa idan mun je asibitin sai a ce babu maganin, a rubuto mana mu je kemis mu saya. Me ya jawo wannan tsada haka? Kuma ba gara in fita in riƙa tara kuɗin da kaina ba, ranar da ciwo ya zo in biya?

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri kan riƙon da kake yi mata.

Bari in fara da ƙarshen tambayarka domin shi ya fi gaggawa. Kada ka fita. Idan ma har za ka bar wannan tsari, to kada ka bar shi sai ka riga ka sami wanda za ka koma, katinsa yana hannunka. Amma ba ina nufin ka kame bakinka ka ci gaba da biya ba. Ƙorafin nan biyu da ka kawo, tsadar da kuma "babu magani", tushensu ɗaya ne, kuma idan ka gane tushen za ka san inda ya kamata ka matsa lamba.

Asibitin da ka zaɓa, ta hanya biyu ake biyan sa. Ta farko ita ce kuɗin kai. Kowane wata ana ba asibitin wani adadi tsayayye a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. Daga cikin wannan kuɗi asibitin zai ga mai zazzaɓi, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba da magani, ya duba mai ciki, ya yi wa yaro ƙarin ruwa idan gudawa ta kama shi. Ta biyu ita ce biya gwargwadon aiki, wadda ta shafi manyan abubuwa kamar tiyata, ganin likitan da ya ƙware a wani fanni, hoton ciki ko na ƙashi. A nan sai asibiti ya nemi izinin HMO, ya yi aikin, ya tura takardar kuɗi, sannan ya zauna jiran a biya shi.

To a tsarin gwamnatin tarayya, wanda aka fara aiki da shi a 2005 zamanin Obasanjo da sunan NHIS, kuɗin kan nan ya tsaya a naira 750 a wata har sama da shekara goma. Ka yi lissafin da kanka. Lokacin da aka sa wannan farashi dala tana wajen naira 160, wato kowane kai yana kawo wa asibiti kusan dala biyar a wata. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, wannan naira 750 ɗin ta koma rabin dala. A ce asibiti yana da mutum 1,000 a rajista, abin da zai shigo masa a wata naira 750,000 ne. Daga ciki zai sayi magani, ya biya likita da nas da mai gwajin jini, ya zuba wa janareta mai. Idan damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro ya cika benci, kafin wata ya raba kuɗin sun ƙare. Kamfanonin HMO masu hulɗa da kamfanoni irin naku suna da nasu farashin da suke sasantawa da asibitoci, amma su ma sun daɗe suna jingina da farashin gwamnati. Tun a 2022 ƙungiyoyin asibitoci masu zaman kansu suka fito suka yi barazanar daina karɓar majinyatan HMO idan ba a gyara farashi ba.

Sai kuma aka shiga 2023. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 cikin ƙasa da shekara. Wannan ya bugi harkar lafiya fiye da yawancin sana'o'i, domin kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da muke sha daga waje ake shigo da su, yawanci Indiya da Sin. Waɗanda ake haɗawa a nan gida ma, sinadaransu daga can suke zuwa. Haka safar hannu, sirinji, zaren ɗinki, ruwan gwajin jini, duk da dala ake sayen su. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, takwaransa Sanofi ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Duk mai ɗa mai asma ya san abin da ya sami farashin abin shaƙa a wancan lokaci. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kuma manyan asibitoci da yawa a kan wannan layi suke. Wanda ba shi da wutar kuma yana ƙona dizal da ya haura naira 1,000 lita. Asibiti ba shago ba ne da zai kashe wuta ya jira: firjin jini da na rigakafi, na'urar iska, ɗakin tiyata, ba sa jira. Ga likitoci suna ta ficewa. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Asibitin da yake son riƙe nasa dole ya ƙara musu albashi. Zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Mai asibiti da komai ya tashi masa amma kuɗin kai bai motsa ba, me zai yi? Ba zai iya ƙara wa HMO kuɗi a tsakiyar shekara ba, yarjejeniya ta ɗaure shi. Abin da ya rage masa shi ne ya rage abin da yake bayarwa. Ka tsaya wata rana a tagar ba da magani ka lura. Wanda ya zo da kuɗinsa a hannu za a ɗauko masa maganin daga kanta. Kai mai kati za a duba takardarka, a ba ka farasitamol da bitamin, a ja layi a gaban mai tsadar a ce ya ƙare. Wani lokaci da gaske ya ƙare, domin dilan magani ya daina ba asibitin bashi. Wani lokaci kuma yana nan, amma farashin da HMO za ta biya bai kai abin da aka sayo shi ba, kuma za a yi wata uku ko shida ana bin kuɗin. Ma'aikaciyar da ke tagar ba ita ta tsara haka ba, umarni aka ba ta.

Saboda haka tsadar da ka gani bana a takardar albashinka ba bana ta fara ba. Ka daɗe kana biyan ta, a kemis kake biya, shi ya sa ba ka ganin ta a rubuce. Yanzu ne kawai ta fito fili.

Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a watan Mayun 2022, ta ga haka. A tsakiyar 2024 ta yi ƙarin wucin gadi, kashi 60 cikin 100 a kuɗin kai, kashi 40 a biya gwargwadon aiki. Daga Afrilun 2025 kuma, a ƙarƙashin shugabanta Dakta Kelechi Ohiri, ta kai ƙarin zuwa kashi 93 a kuɗin kai, wato daga naira 750 zuwa kusan naira 1,450, sannan kashi 378 a biya gwargwadon aiki. Adadin yana da ban tsoro a ido, amma a lokacin naira 1,450 ɗin ma ba ta cika dala ɗaya ba. Da gwamnati ta ɗaga nata, asibitoci suka sami madogara, suka ɗaga wa kamfanonin HMO. Su kuma suka juyo kan masu ɗaukar ma'aikata, masu ɗaukar ma'aikata suka juyo kanku. Kai ne ƙarshen layi, ba ka da wanda za ka turawa.

A ganina babban ɓangaren ƙarin nan gaskiya ne, ba zamba ba. Amma ba duka ba, kuma ba zan wanke kowa tas ba. Akwai kamfanonin HMO da suke karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya daga wurin aiki, su riƙe na asibiti wata da watanni suna juya shi. Asibitin da ya san za a ja masa rai kuma a zaftare masa, sai ya fara kumbura takardar kuɗi tun daga farko, ya ƙara gwajin da ba a buƙata, ya kwantar da wanda allura ɗaya ta ishe shi. HMO ta gane haka sai ta ƙara ma'aikatan tantancewa, kuɗin gudanarwa ya ƙaru. Duk wannan rashin yarda a kanka yake ƙarewa. Mu ma muna da namu laifin, kuma gara a faɗa. Mutum ya ba ƙanwar matarsa kati ta je ta haihu da sunan yayarta, ko ya karɓi maganin suga da sunansa ya kai wa kawunsa. Tausayi ne ke sa haka, na sani. Amma a ƙarshen shekara HMO tana buɗe littafi ta ga nawa ma'aikatan kamfaninku suka ci, a kan wannan take yanka farashin baɗi. Abokin aikinka mai ƙaramin albashi shi ma zai biya kuɗin haihuwar da ba ta cikin lissafi.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so ka riƙe. Farashin inshora ya dogara ne da yawan waɗanda suka haɗu da kuma irinsu. A ce ku 50 ne a kamfani, ɗaya ya kamu da ciwon ƙoda, biyu matansu aka yi musu aiki wajen haihuwa, to kuɗin shekarar ya tafi, baɗi dole a ƙara muku. Da ku dubu 50 ne, wannan ba zai ko girgiza asusun ba. Kuma duk lokacin da farashi ya tashi, waɗanda suka fara tunanin fita su ne masu jin ƙarfi a jika, matasa, waɗanda ba su cika zuwa asibiti ba. Mai ciwon suga da mai ɗa sikila ba za su fita ba. Idan masu lafiya suka fice, aka bar masu jinya zalla, baɗi farashi ya sake tashi, wasu su sake ficewa. Haka tsari yake mutuwa. A ƙasa baki ɗaya ma ciwon ke nan: mutanen da ke da inshorar lafiya a Najeriya wajen miliyan 20 ne, a ƙasar da ta haura miliyan 200. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a jinya daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, mu da muka karɓi baƙuncin taron muna yawo a wajen kashi 5. Gana da ta kafa nata tsarin a 2003 ta ɗora shi a kan wani kaso na harajin kayayyaki, kowa yana zubawa ko ya sani ko bai sani ba. Su ma suna da matsalar jinkirin biyan asibitoci, amma kason mutanen da suke ciki ya fi namu nesa ba kusa ba.

Kuma kada ka sa rai cewa idan naira ta daidaita kuɗin zai dawo yadda yake. A Amurka, inda ba su da matsalar dala, inshorar iyali ɗaya ta wurin aiki ta kai dala 25,572 a shekara a 2024, ma'aikaci yana biyan sama da dala 6,000 daga ciki, kuma kusan kullum sama take yi. Kuɗin jinya a ƙasashe da yawa ya fi albashi saurin tashi, domin mutane suna daɗewa da cututtukan da a da suke kashewa nan take, kuma kowace sabuwar na'ura da sabon magani da kuɗinsu suke zuwa. Hawan jini, suga, ƙoda, kansa, ba jinyar mako ɗaya ba ce.

Yanzu batun ka fita ka tara da kanka. Na fahimci lissafin. Ka duba abin da aka cire maka a shekara, ka duba maganin zazzaɓi da na tari da kuka karɓa, ka ga kamar an ci da guminka. Kuskuren shi ne ɗaukar inshora kamar adashi, inda kowa ya zuba dole wata rana kwasa ta zo kansa. A nan wanda bai kwasa ba shi ne ya yi sa'a. Ba don zazzaɓi kake biya ba, zazzaɓi kana iya ɗauka da albashinka. Kana biya ne don daren da naƙuda za ta tsaya, likita ya ce sai an yi aiki yanzu, a kawo jini leda biyu. A asibitin kuɗi wannan dare ɗaya dubban ɗaruruwan naira ne, kafin a zo maganar jariri idan sai an sa shi a kwalba. Kana biya ne don ranar da yaro zai faɗo daga babur ƙashin cinya ya karye, ko tsakar dare ciki ya murɗe a ce afendis ne. Wankin ƙoda zama ɗaya yana cin wajen naira 50,000, kuma mai buƙatarsa sau biyu ko uku yake yi a mako. Gwamnatin tarayya ta sanar da rage shi zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, amma ba ko'ina ba ne, kuma layi ne mai tsawo.

Nawa za ka tara a wata shida da zai tari ɗaya daga cikin waɗannan? Ciwo ba ya jira asusu ya cika. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, kuɗin da ke ajiye a hannun magidanci mai 'ya'ya shida ba ya kwana lafiya. Kuɗin makaranta zai taso, azumi zai zo, ragon layya, bikin ƙanwa, haya. Ko ka yi taurin kai ba ka taɓa ba, hauhawar farashi tana ci daga ciki kullum. Sannan akwai abin da mutane suke mantawa: kason da wurin aikinku yake biya maka. Wannan wani ɓangare ne na ladan aikinka. Idan ka fita, da wuya su ƙara maka shi a albashi. Ka bar musu kuɗinka ne kawai. Balle dokar 2022 ta mayar da inshorar lafiya tilas ga kowane mazaunin ƙasa, kuma ta ɗora wa duk mai ma'aikata biyar zuwa sama nauyin sa su a ciki. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, amma ta nan aka nufa.

Idan a ranka akwai ɗar-ɗar ta fuskar addini, kamar yadda na sha ji daga ma'aikata, ka sani cewa majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi tun 1985 ta bambanta inshorar kasuwanci da ta taimakon juna, ta halatta ta biyun. Shi ya sa jihohinmu da yawa suka gina nasu a kan taimakekeniya, kamar hukumar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna.

To ina za ka matsa? Fara da ofishin kula da ma'aikata. Ka nemi takardar da ta jera abin da tsarinku ya ƙunsa, ba 'yar talla mai hoto ba, cikakkiyar da ke da iyakar kuɗi a gaban kowane abu. Yawancin ma'aikata ba su taɓa ganin ta ba. Ka duba nawa ne iyakar tiyata a shekara, kwana nawa ake ɗaukar kuɗin gado, haihuwa ta aiki tana ciki ko ta kai tsaye kawai, jariri yana ciki daga ranar haihuwa ko sai an yi masa rajista, maganin cututtuka masu daɗewa nawa aka ware masa. Idan an ninka kuɗi amma iyakar tiyata tana nan inda take shekara uku da suka wuce, to an ƙara maka kuɗi kuma an rage maka kariya a lokaci ɗaya, domin tiyatar ta yi tsada. Wannan shi ne wurin da ya cancanci faɗa.

Kada ka je kai kaɗai. Ku haɗu, ko ta ƙungiyar ma'aikata ko ku wakilta mutum uku masu natsuwa. Ku nemi sanin jimillar ƙarin da HMO ta yi, da yadda aka raba shi. Yana faruwa a ce HMO ta ƙara kashi 40, amma abin da ake cire wa ma'aikaci ya ƙaru da kashi 90, domin wurin aiki ya lallaɓa ya rage nasa kason. A ƙa'idar da tsarin ƙasa ya shimfiɗa wa kamfanoni, mai aiki yana biyan kashi 10 na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5, wato biyu bisa uku a kan mai aiki. Ku riƙe wannan a matsayin ma'auni idan kun zauna. Ku kuma nemi a sa HMO ta kawo rahoton abin da aka kashe a kanku a shekarar da ta wuce, ba tare da sunayen mutane ba. Wanda ya ce kun ci da yawa, ya nuna a rubuce. Sannan a nemi farashi daga wasu kamfanoni biyu ko uku, har da hukumar taimakekeniya ta jiha da ita kanta NHIA, domin su ma suna karɓar kamfanoni masu zaman kansu, kuma asusunsu ya fi faɗi.

Idan dole sai an rage wani abu domin kuɗi ya sauko, ku san abin da za ku sadaukar. Ɗaki na musamman, gilashin ido mai tsada, wankin haƙori, manyan asibitocin da ake zuwa don suna, duk waɗannan ana iya haƙura da su. Tiyata, kwanciya, haihuwa, jinyar gaggawa da maganin yau da kullum na masu hawan jini da suga, waɗannan kada ku yarda a taɓa su. Na fi son tsarin da zai sa ka biya kuɗin maganin mura da kanka amma ya tsaya maka ranar tiyata, a kan wanda zai ba ka farasitamol kyauta ya gudu ranar da ake neman rabin miliyan. Kuma ku yi hattara da wanda ya zo da farashi mafi araha ƙwarai. Ku je asibitocin da ya lissafa ku tambayi teburin inshora ko yana biyan su a kan lokaci. Amsar da za ku ji a can ta fi duk abin da ɗan talla zai faɗa muku.

Game da "babu magani", daga yau ka daina fita shiru. A tsarin NHIA abin da ke kanka a magani kashi 10 cikin 100 ne na kuɗinsa, sauran na tsari ne, kuma yawancin tsare-tsaren kamfanoni ma sun ɗauki maganin da ke cikin jerinsu. Idan aka ce babu, ka roƙi a rubuta haka a jikin takardar a buga hatimi. Kana tsaye a wurin ka kira lambar HMO da ke bayan katinka, domin da yawansu suna da kemis da suke hulɗa da shi ko su aiko da maganin. Idan ka saya da kuɗinka, ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa, ka nemi a mayar maka. Haka batun lambar izini da ake shanya mutane a benci ana jira: tun Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO su ba da ita cikin awa ɗaya, kuma mai jinyar gaggawa a fara duba shi kafin a nemi lamba. Idan abin ya ci tura, NHIA tana da ofis a kowace jiha, kuma ita ce ke ba kamfanonin HMO da asibitocin lasisin shiga tsarin. Ƙorafi a rubuce, da kwanan wata da rasit, ya fi ihu a taga tasiri. Kana kuma da damar sauya asibiti. Asibitin da ke da mutane da yawa a rajista ya fi iya ajiye magani, domin kuɗin kan da ke shigo masa yana da kauri.

Saura 'ya'ya biyu da Hajiya. Ƙa'idar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 tun farkon NHIS take, kuma ba a yanka ta da gidajenmu a zuci ba, inda mutum yake da mata biyu da 'ya'ya goma da iyaye a hannu. Wannan gyara ne da ya kamata 'yan majalisarmu su daɗe da nema. Kafin nan, ka duba shekarun waɗanda ke ciki. Idan babban ya kusa cika 18 zai fita da kansa, sai ka sa ƙaninsa a gurbin, kuma ba ya faruwa sai ka je ka cike takarda. Idan kana da zaɓi, ƙanana 'yan ƙasa da shekara biyar da duk mai wata lalura mai daɗewa su ya kamata su fara shiga. Sauran biyun ka tambayi kuɗin ƙarin mutum a tsarinku, ka gwada shi da na hukumar taimakekeniya ta jiha da kuma shirin GIFSHIP na NHIA, wanda aka buɗe domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi. Sau da yawa na gwamnati ya fi sauƙi.

Hajiya kuwa, kamfanonin HMO sukan tsawwala wa tsofaffi ko su ƙi ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi, don haka ta ɓangaren jiha ko GIFSHIP za ka fi samun ƙofa. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, yana ɗaukar tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara a asibitocin unguwa. An yi shi ne domin marasa hali, amma babu laifi ka tambaya a asibitin mazaɓarku yadda ake tantancewa. Ko wanne ka samu, maganinta kada ya yanke ko na mako ɗaya. Ka gaya wa likitanta gaskiyar aljihunka, ka roƙe shi ya rubuta sunan sinadarin maganin ba sunan kamfani ba. Magungunan hawan jini irin su amlodifin suna da masu sauƙin kuɗi da ke aiki daidai da masu tsada, muddin suna da lambar NAFDAC kuma daga kemis mai rajista aka saye su. Kuɗin ƙwayar wata ɗaya ba a haɗa shi da kuɗin jinyar shanyewar ɓarin jiki.

Idan bayan duk wannan kuka yanke shawarar sauya kamfani, ko kai ka koma tsarin jiha, ka kula da lokacin jira. Sabon tsari ba ya fara aiki ranar da ka biya. Akwai makonni ko watanni kafin sunanka ya isa asibiti, kuma tsare-tsaren ɗaiɗaikun mutane sukan sa wa haihuwa da tiyata jira mai tsawo, wani har shekara. Idan uwargida tana da ciki, ko akwai wanda likita ya riga ya sa wa ranar aiki, kada ka taɓa komai sai an wuce wannan. Ka sa a rubuta maka ranar da tsohon zai ƙare da ranar da sabon zai fara, kuma ka je asibitin da ƙafarka ka tabbatar sunayenku duka sun fito a jerinsu kafin ka ajiye tsohon katin.